Hantsi a Kan Tuddan Mambila

A Giginyu ba a tafiyar ƙasa sai da dalili: masallaci, kanti, ko ta'aziyya a bayan layi. In ka miƙi titi haka kawai, kafin ka kai Badawa 'yan adaidaita sahu sun ishe ka da hon, wani maƙwabci kuma ya taka birki ya sauke gilashi: "Alhaji, lafiya? Motar ce ta ba da matsala?" Ko waɗanda ake gani da asuba suna zagaya filin sukuwa, yawancinsu likita ne ya koro su, hawan jini ko suga. Shi ya sa da mai masaukina a Nguroje ya ce da safe ɗansa zai raka ni mu hau tudun bayan gari, abin da na fara tambaya shi ne me za mu ɗauko a can. Ya ce ba komai, gani ne kawai.

Ɗaurin aure ne ya kai ni Mambila a watan Agusta, tsakiyar damina. Daga Jalingo ka bi ta Bali da Serti cikin zafi irin wanda muka saba, sai a Mayo Selbe hanya ta ɗaga kai. Daga nan mota ta dinga nishi tana kwana a jikin tsauni, kunnuwa na toshewa, salatin fasinjoji na ƙara ƙarfi a kowace kwana. Kafin mu kai Maisamari kowa ya lalubo rigar sanyi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: duk mita 1,000 da ka hau, zafi yakan ragu da wajen digiri 6, ita kuwa Mambila tana zaune ne a kan kimanin mita 1,600 sama da gaɓar teku. Ƙolin Dala, wanda muke nuna wa baƙi da alfahari, mita 534 ne. Wato daɓen ɗakin da na kwana ya ninka kan Dala sau uku, ban ma fara hawan komai ba.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne babu dutse. Mu a Kano in an ce hawa, to Dala ne ko Goron Dutse: jan marmara, gidaje sun ci rabin jikinsa, matakala, yara na bin ka. Nan kuwa tuddai ne masu sulɓi, kore shar tun daga gindi har ƙoli, jere bayan jere kamar ƙoren da aka wanke aka kife a tsakar gida. Ba bishiya a kansu sai inda mutum ya dasa turare ya kewaye gidansa. Daji na ainihi ya maƙale ne a cikin kwaruruka, inda rafi ke bi, su ma kurmi suke ce masa. Wutar da ake sa wa ciyawa da rani da bakin shanu su suka hana shi hawowa. Mafi shahara a cikin abin da ya rage shi ne kurmin Ngel Nyaki kusa da ƙauyen Yelwa, inda har yau akwai manyan biran nan masu kama da mutum.

Idon mutumin fili ba ya iya awon tudu. Na dubi wanda aka nuna mini na ce a raina ai wannan bai fi daga gida zuwa Hotoro ba. Na tattare kaftani na nufi sama kai tsaye. Ba a jima ba ƙirji ya fara bugawa, na tsaya kamar ina gyara hula.

"Kawu, ba a miƙewa," in ji yaron. "Bi sawun shanu."

Sai a lokacin na lura da su. Jikin tudun duk zobe-zobe ne na siraran hanyoyi, faɗin kowace bai fi tafin ƙafa biyu ba, ɗaya bisa ɗaya, sun kewaye shi a karkace. Saniya ba ta hawa a tsaye, gefe take bi tana kiwo, kuma shekara da shekaru kofato ya sassaƙa wa tudun matakala. Da na sa ƙafa a ɗaya, hawan ya zama tafiya. Ciyawar ma da ka sunkuya ba shimfiɗa ba ce yadda take daga nesa. Tsibi-tsibi take, kowane tushe da ƙarfinsa, tsakaninsu jar ƙasa mai santsi da kashin shanu da ruwan daren jiya ya jiƙa. Takalmina sau-ciki ya sha raɓa har yana kuka. Yaron kuwa da takalmin ruwa na roba yake, hannuwa a aljihu, yana ba ni labarin jarrabawarsa ba ko haki.

Tudun kuma ya iya yaudara. Ka hango ƙoli, ka tattara sauran ƙarfinka ka isa, sai ka tarar kafaɗa ce, ainihin kan yana can gaba yana jiranka. Da muka kai inda ba sauran sama, ban ga wata alama ba. Ba tuta, ba allo, ba mai sayar da ruwan leda. Ciyawa ce da iska. Ta kudu da gabas tuddai sun yi ta tafiya har Kamaru, kuma a wannan iyakar ne Chappal Waddi yake, mita 2,419, wanda babu tsaunin da ya kai shi a Nijeriya. Ƙasar nan ma ba a cikin Nijeriya ta fara ba. Jamusawa ne suka riƙe ta, bayan yaƙin duniya na farko ta koma hannun Ingila, sai a ƙuri'ar raba-gardama ta Fabrairun 1961 Arewacin Kamaru ya zaɓi Nijeriya. Sunan Sardauna da ƙaramar hukumar ke ɗauke da shi, mai hedikwata a Gembu, daga wannan tarihi ya samo asali.

Shirun ne ya fi ba ni wahala. A kan Dala kana jin birni gaba ɗaya: ladan, injin markaɗe, maƙera, kukan awaki. Mu in gari ya yi tsit to ba lafiya ba, ko dokar hana fita ko wani abin ya faru. Nan na tsaya ina jin numfashina da ƙarar iska a kunnen hula, hannuna ya tafi aljihu da kansa ya zaro waya, ba don wani ya kira ba. Daga nan kuma ido ya shiga aikin da ya saba. Na kama kaina ina yanka gangaren gabana fuloti-fuloti, ina fitar da layi, ina ware kusurwar masallaci da ta shago. A unguwarmu ko kangon da ya rage tsakanin gida biyu yana da masu zawarci. Ga ƙasa iya ganinka, ba ko tubali ɗaya, na ce wannan wace irin asara ce.

Muna gangarawa wuyan da ya haɗa tudunmu da na gaba sai ga waya mai ƙaya, an ja ta a kan turaku ta haye tudun ta ɓace. Bayanta shanu ne, jajaye masu dogayen ƙaho da farare, sun bazu ba mai kora. Wani dattijo cikin bargo da sanda a kafaɗa ya taso daga inda na rantse ba kowa. Na yi sallama, ya amsa, na shiga jero gaisuwa irin tamu, ya bi ni da Hausa daidai gwargwado, sannan ya juya ga yaron suka koma Fulatanci. Bakano yana tafe da tabbacin cewa harshensa kuɗi ne da ake karɓa ko'ina. A nan ana karɓa, amma Fulatanci ne ke haɗa Bafulatani da mutumin Mambila da ɗan ƙabilar Kaka a kasuwa.

Yaron ya fassara yana danne dariya. "Baffa na tambaya, wai me ya ɓace maka?"

Na ce ba komai, kallo na zo. Dattijon ya dube ni daga hula zuwa jiƙaƙƙen takalmi. Ya sake tambaya ko ni ma'aikacin ƙasa da safiyo ne. Na ce a'a. Ko cikin mutanen dam? Yana nufin tashar lantarkin nan mai megawat 3,050 da aka ce za a gina a kan kogin Donga, wadda aka yi shekaru gommai ana maganarta. Na ce a'a. Ya gyaɗa kai irin na wanda bai gamsu ba amma ya san girman baƙo.

Tambayarsa ba ta rashin wayewa ba ce. Abin da na ɗauka fili ne da ba mai shi, kowane taku nasa yana da mai shi. Sanyin tudu ya hana ƙudan tsando zama, sammore bai cika damun dabba ba, ga ciyawa ga ruwa, don haka makiyaya suka hauro da garkunansu a ƙarnin da ya wuce suka zauna. Manoma kuwa suna nan tun kafin haka, suna noman masara a kwari da gangare. Mutane sun ƙaru, shanu sun ƙaru, masu hali sun killace tuddai sukutum, ƙasa kuwa ba ta ƙaru ba. A watan Yunin 2017 rikici ya ɓarke a nan aka yi asarar rayuka da dukiya mai yawa. Wanda ya ga wannan, in ya hango baƙo da kaftani tsaye a ƙolin makiyayarsa yana nuna gabas da yamma, dole ya tambaya. Wannan gajeriyar ciyawa mai kyau da na yi ta yabo ma ba haka Allah ya bar ta ba, shanunsa ne ke aske ta kullum.

Turawan Ingila da suka mayar da hawan tudu abin hutun bazara su ma ba a sama suka tsince shi ba. Tuddansu makiyayar tumaki ce da wurin farautar masu ƙasa. A 1932 ɗaruruwan mutane suka kutsa tudun Kinder Scout da gangan, aka ɗaure wasu daga cikinsu, kuma sai a shekarar 2000 doka ta buɗe wa kowa irin waɗannan wurare. A Mambila hanyar ta fi sauƙi, ta kuma fi tsada: sallama, da ɗan gari a gefenka, da haƙurin amsa tambaya.

Dattijon ne ya nuna mana yamma da sandarsa ya ce mu sauka. Gajimare ya taso daga kwari, ba daga sama ba, yana cinye tuddai ɗaya bayan ɗaya. Saukar ta fi hawan cin gwiwa, santsi kuma ya sa na yi wani ɓangarenta a zaune. Ruwa ya kama mu a bakin gari. Aka hura mini gawayi a kasko, da azahar, a watan Agusta, aka kawo shayin Kakara, wanda ganyensa a nan kan tudun ake nomansa ake sarrafa shi.

Bayan la'asar aka yi sallama da ni a ƙofar gida. Wani mutum ne da jaka a hammata, ya gaishe ni da ladabi ƙwarai, ya ce shi dillali ne. Labari ya iske shi cewa wani Alhaji daga Kano ya hau duba ƙasa da safe.

"Ranka ya daɗe, wancan da ka gani ba na sayarwa ba ne," in ji shi. "Amma akwai wani a hanyar Gembu, da rafinsa, da takardunsa."