Zogalen Kaka da Ginin Haske



Bara, da Kaka ta dawo daga ganin gida a Maraɗi, tsarabar da ta fi ji da ita 'yan ƙwayoyin zogale ne ƙulle a bakin zanenta. Ta ce burinta ta ci kwaɗon zogalen da aka tsinka ɗanye a tsakar gidanmu na Manshiya, don ta gaji da busasshen da ake kawowa a leda. Ta shuka su a gwangwanaye. Uku suka fito, akuya ta cinye biyu, ɗayan da ya rage ta damƙa mini amanarsa.

To, kun dai san ranar Sabha idan zafi ya kankama. Tausayin ɗan tsiron ya kama ni, na ɗauke shi na kai ɗakin ajiya inda ko taga babu, ina ba shi ruwa safe da yamma. A tunanina shuka ƙasa take ci, ruwa take sha, shi ke nan. Bayan kwana goma sai ga shi ya yi tsawo siriri, ganyen ya koɗe, ya karkata wajen tsagar ƙofa. Da Kaka ta gani ta riƙe baki ta ce, "Kai ɗan nan, wa ya ce maka ana kulle shuka kamar amarya? Maza fitar min da shi!"

Kaka ta san maganin, dalilin kuwa a wurin malaminmu na kimiyya na same shi. Ya ce yunwa ce ta kusa kashe zogalen. A littafinmu na Larabci ana kiran abin al-bina'ud dau'i, wato gini da haske, Turawa kuma suna cewa fotosintesis. Ga yadda yake: saiwa tana zuƙo ruwa daga ƙasa. A jikin ganye akwai 'yan ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan iskar kabon dayoksaid take shiga, irin wadda muke fitarwa idan mun yi numfashi. Koren da ke cikin ganye, kulorofil, shi ke kama hasken rana. Da ƙarfin hasken nan ganye yake raba ruwa, ya saki iskar oksijin, sannan ya haɗa sukari daga kabon ɗin. Da sukarin ne shuka take gina itace, fure da 'ya'ya. Ashe ni na ba zogalen ruwa, na hana shi wutar girki.

Malam ya ce ba ni kaɗai na taɓa zaton ƙasa shuka take ci ba. Wani masani mai suna van Helmont, mutumin ƙasar da yau ake kira Beljiyam, ya dasa bishiya mai nauyin kilo 2 da ɗoriya a tukunya mai ƙasa kimanin kilo 90. Shekara 5 yana ba ta ruwa kawai. Da ya sake aunawa, bishiyar ta kai wajen kilo 77, abin da ƙasar ta rage kuwa bai kai giram 60 ba. An buga labarin a 1648. Shi ya ɗauka duk daga ruwa ne, bai san iska ma tana da hannu ba. Sai a 1779 wani likita ɗan Holand, Ingenhousz, ya nuna cewa koren ganye ba ya sakin iska mai kyau sai a cikin haske.

Tun ranar nake kallon dabino da wani ido daban. Zaƙin da muke buɗe-baki da shi a watan azumi, a ganyen dabinon gonakin Fezzan aka dafa shi, da rana da iska da ruwan rijiya. Garin alkamar burodinmu ma haka, har ciyawar da ragon layya ya ci. Oksijin da ta kai kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa, tsirrai na tudu da na teku ne suka tara ta. Mu da shekara kan wuce ba mu ga ruwan sama na kirki ba, kowane koren ganye a unguwarmu abin tattali ne.

Na mayar da zogalen gindin katanga, inda yake samun hantsi, da azahar kuma inuwa ta rufe shi, domin idan zafi ya tsananta ganye kan rufe ƙofofinsa don kada ruwa ya ƙare masa, girkin ya tsaya. Idan iskar gibli ta taso ta lulluɓe shi da ƙura, ina yayyafa masa ruwa da yamma in wanke ganyen. Yanzu ya fi ni tsawo. Ranar da Kaka ta yi kwaɗon farko da ƙuli-ƙuli, ni ta fara miƙa wa kwano, tana dariya tana cewa, "Ungo, mai kullen amarya."

'Yan'uwa, duk mai ɗan fili a gidansu ya shuka wani abu, ko da a gwangwani ne, kuma kada ya yi irin kuskurena.