Farar Ƙasarmu da Tukunyar Matatar Mai

A garuruwanmu na Batsari da Safana an san farar ƙasa da shafen ɗaki, musamman idan sallah ta gabato ko za a kawo amarya. A ɗakin gwaji, inda na shafe shekaru ina koyar da kimiyyar sinadarai, ita ce mafarin wani gari mai tsada wanda matatun zamani da yawa ke aiki da shi.

Idan aka dafa ɗanyen mai, fetur da kananzir da gas sukan fita, a bar wani kaso mai kauri wanda ƙwayoyinsa dogaye ne. Domin a mayar da shi fetur sai an kakkarya su, kuma zafi kaɗai ba ya yin wannan aiki yadda ake so. Sai a watsa man cikin garin katalis mai zafi, a ma'aunin da ya haura digiri 500, cikin 'yan daƙiƙoƙi aikin ya kammala. Zuciyar wannan gari ita ce ziyolait, wani dutse mai ramuka kamar saƙar zuma, faɗin kowane rami bai kai nanomita ɗaya ba. Tun farkon shekarun 1960 matatun Amurka suka koma gare shi. Matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, tana da irin wannan sashe, haka ma ta Ɗangote a Legas, kuma garin daga waje ake sayo shi.

Haɗa shi aiki ne na haƙuri. A wanke ƙasar a tace yashinta, a gasa ta a kusan digiri 700 har tsarinta ya rushe. Silika da alminiyon da ke cikinta kusan kunnen doki suke, alhali ziyolait samfurin Y ya fi son silika, don haka ko dai a ƙara silika ko a rage alminiyon da asid. A kwaɓa da soda, a bari ya kwana, a dafa a kusan digiri 100. Ɗalibi ya yi sakaci kaɗan, sai wani ziyolait dabam ya fito, mai kyau a hoto amma ramukansa sun yi wa man ƙanƙanta. Na ga masu digiri na biyu sun yi wata shida a wannan mataki.

Daga nan sai a cire sodiyom a maye gurbinsa da lantanom ko siriyom, cikin ƙarafan da ake kira masu wuyar samu. Su ne ke riƙe ginin idan ana ƙone dattin da ya manne masa a zafin digiri 700 cikin tururi. Sin ce ke riƙe da kasuwarsu. Da ta taƙaita fitar da su a 2010, farashi ya yi tashin gwauron zabo, matatu suka ji a jikinsu. Abin takaici, yashin monazayit da aka bari a tsofaffin ramukan kuza na Jos yana ɗauke da ƙarafan nan biyu.

Masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun nuna cewa farar ƙasar Ƙanƙara tana bayar da ziyolait Y. To amma kowane rami da halinsa: wani ƙarfe ya yi masa yawa, wani yashi. Kafin a yi maganar masana'anta a Batsari ko Safana, dole mutum ya je bakin ramin, ya ɗibi samfur daga zurfi dabam-dabam, ya rubuta wurin.

A nan ne gizo ke saƙar. Ƙauyukan da ƙasar take suna maƙwabtaka da Dajin Rugu, kuma ba zan tura ɗan wani can da buhu da shebur ba. Ɗalibaina sukan sayo farar ƙasa a kasuwa, a tambayi mai ita asalinta ya ce daga yamma. Sakamakon da aka gina a kan irin wannan buhu babu wanda zai iya maimaita shi, kuma injiniyan matata ba zai zuba garin da ba a san asalinsa ba cikin na'urar da ke juya tan-tan na katalis dare da rana.

Roƙona ga Gwamnatin Katsina da jami'o'inmu na Katsina da Dutsin-Ma ƙarami ne: a horar da mahaƙan da ke zaune a ƙauyukan, waɗanda suka fi mu sanin ramukan, su riƙa ɗibar samfur da lamba da kwanan wata, a biya su, a tara a ma'ajiya guda da kowane mai bincike zai iya zuwa ya ɗiba.