Asubar Farin Gada da Tsohuwar J5

Wanda bai taɓa kwana a Jos cikin watan Janairu ba, bai gama sanin hunturu ba. Birnin yana bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma da asuba sanyi kan sauko kusa da digiri 10. A irin wannan asuba na isa kasuwar Farin Gada, inda ake lodin kabeji da karas da dankalin Turawa zuwa sassan ƙasar nan. Na sami gurbi a gaban wata tsohuwar Peugeot J5 mai shan gas, wadda za ta kai kaya kasuwar 'Yankaba a Kano.

Da aka idar da salla, direba ya murɗa makulli. Inji ya juya da ƙyar, salansa ta tofar da farin hayaƙi, sai tsit. Sau uku ana haka. Fuskokin masu kaya suka sauya, domin kabeji ba ya jiran kowa. In rana ta dake shi a hanya sai ya yi yaushi, guminsu na wata uku ya koma rabin kuɗi.

Yaron mota ya kawo shawarar da aka saba ji a tasha, wato a hura wuta ƙarƙashin inji, ko a fesa fetur a mashigar iska. Wani dattijon bakanike da ke teburin mai shayi ya ajiye kofinsa ya ce, "Kai yaro, mota za ka tayar ko gobara?" Direba ya ce, "Baba, to a taimaka mana."

Dattijon bai taɓa sifana ba sai da ya saurara. Injin gas ba shi da fulogi mai tartsatsi irin na fetur. Iska yake matsewa har ta yi zafin da zai kunna man. In ƙarfe ya kwana cikin sanyi, sai ya zuƙe zafin nan kafin man ya kama. A Jos kuwa iskar kanta ba ta kai ta gangare kauri ba, saboda tsayin wurin. Shi ya sa aka yi wa irin wannan inji fulogin ɗumama, wanda bakanikai ke kira hita.

Da kunne ya fara. Juyi mai nauyi alama ce ta batir, domin sanyi yana rage masa ƙarfi a daidai lokacin da baƙin mai ya yi kauri. Ya kankare farar tsatsar da ta taru a kawunan batirin, ya ɗaure su, sai juyi ya yi sauri. Daga nan sai ido. Farin hayaƙi yana nufin man yana isa amma ba ya ƙonewa. Da babu hayaƙi sam, da filta za a tuhuma, ko iskar da ta shiga layin mai. Da ya gwada hita huɗun, biyu sun mutu. Ya sauya su, ya ce wa direba ya jira fitilar hita ta ɗauke kafin ya murɗa. Bugu ɗaya motar ta tashi.

Muka gangaro daga tudun ta hanyar Saminaka, muka ratsa dajin Falgore, muna cire rigunan sanyi ɗaya bayan ɗaya. Direba ya amsa mini cewa tun damina motar take jinkirin tashi, amma da yake tana tashi, bai kula ba. Ashe sanyi bai kawo cutar ba, tona ta kawai ya yi.

Mun isa 'Yankaba da jinkirin awa biyu, kaya da sauran kyansu. Sai dai ba kowace tasha ce ke da irin wannan dattijo ba, kuma wutar da ake hurawa ƙarƙashin mota ba ta san kayan wa ke sama ba. Ya kamata ƙungiyoyin direbobi su mayar da duba batir da hita da filta al'adar watan Nuwamba, tun kafin hunturu ya kankama. Kuɗin hita biyu bai kai asarar lodi guda ba.