Rana ba ta ƙarya: wata safiya a bakin tabkin Madarunfa

Duk wanda ya bar Maraɗi bayan sallar asuba, ya kama hanyar Ɗan Isa wadda ke kai fatake Jibiya da Katsina, ya wuce gonakin rani na Jiratawa sa'an nan ya ratse, to kafin gari ya gama wayewa zai ji iska ta sake. Sanyin hunturu zai ƙara kauri, ƙamshin laka da na ɗanyen kifi su tarye shi tun bai ga ruwa ba. Nan ne Madarunfa, kimanin kilomita 25 kudu da Maraɗi, garin da Allah ya ba abin da ba kowane gari ke da shi ba a ƙasar nan, wato ruwa kwance rani da damina.

Gulbin Gabi ne ke shayar da tabkin, Gulbin Maraɗi kuma yana ƙara masa idan ya yi ambaliya. Da damina yakan bazu har cikin itatuwa, da bazara ya tsuke ya bar fadama ga masu lambu da makiyaya. A kewayensa akwai kaburburan da mutanen wurin ke cewa na waliyyai 99 ne, waɗanda ake zuwa ziyararsu daga nan gida da kuma Najeriya. A shekarar 2006 hukumomin Nijar suka sa tabkin da gandun dajinsa da kaburburan cikin jerin wuraren da suke neman UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya, a watan Disamba na 2019 kuma tabkin ya shiga jerin wuraren dausayi na yarjejeniyar Ramsar. Amma masunta ba su jira wata takarda ba: kakanninsu sun riga duniya sanin darajar wurin.

A gefen yamma na ruwan, inda mutum zai fuskanci gabas tabkin yana gabansa, wani babur ya sauke mutum biyu a wata safiya ta watan Janairu. Ɗaya dattijo ne da ya yi shekaru yana sana'ar hoto a Maraɗi tun zamanin fim, lokacin da ake shiga ɗaki mai duhu a wanke hoto da magani. Karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994 ta ninka masa kuɗin fim da takarda dare ɗaya, wayar salula kuma ta zo daga baya ta ƙarasa abin da ya saura. Ɗayan saurayi ne, ɗan maƙwabcinsa, wanda ya gama lise bai sami aiki ba. Wani alhaji ɗan kasuwa da ke buga kalanda kowace shekara don raba wa abokan cinikinsa ya yi masa alkawarin ƴan jikkuna, da kuma aikin hotunan bikin ɗiyarsa, in har ya kawo masa hoton fitowar rana a Madarunfa wanda ya cancanci bango.

Mako guda kafin nan yaron ya zo shi kaɗai ya ɗauki hotuna 40 da wayarsa. Abokansa sun yi ta yabo a WhatsApp. Da ya kai wa dattijon, sai ya dube su ɗaya bayan ɗaya bai ce uffan ba, daga ƙarshe ya ce ba a gyaran hoto a zaure, a kai shi inda aka tsaya aka ɗauka.

Suka zauna a gindin wani gawo, yaron ya miƙa waya da hannu biyu. Dattijon ya fara da tambaya: "Ƙarfe nawa ka iso ran nan?"

"Bakwai da kwata, Baba."

"To ka zo biki bayan an kai amarya."

Ya bayyana masa cewa a wannan wata rana tana ɓullowa gab da ƙarfe 7, kuma a ƙasashenmu ba ta jinkiri kamar a Turai: tsakanin jan gabas da fitowarta minti ashirin ne da ƴan kai. A cikin wannan ɗan lokaci ne sama ke da launi, ruwa kuma ya ɗauki launin ya mayar. Da ta ɗaga kamar tsawon mashi, sai haske ya yi fari, hoto ya zama na kowace rana.

Sa'an nan ya buɗe hoto na farko, ya karkatar da kansa gefe kamar mai jin ciwon wuya. "Ɗana, tun da kake ka taɓa ganin ruwa ya kwanta a karkace? In haka tabkin nan yake, da tuni ya tsiyaye ya tafi Najeriya." Yaron ya yi dariyar kunya. Kusan rabin hotunan haka suke, bakin ruwa ya gangara hagu, domin hannu ɗaya ya riƙe wayar da shi, sanyi kuma na kaɗa shi. Maganin abin, in ji dattijon, shi ne a riƙe da hannu biyu, a manne gwiwar hannu a haƙarƙari, a ɗauke numfashi.

Aibi na biyu ya fi girma. A kowane hoto rana tana tsakiya, fara fat, duk abin da ke ƙasa kuma baƙi ƙirin. Dattijon ya ce idon mutum yana iya ganin haske da inuwa lokaci guda, amma na'ura sai ta zaɓi ɗaya: in ta auna rana, ƙasa ta yi duhu, in ta auna ƙasa, sama ta ƙone. Ya ce a da yakan ƙara ko ya rage ƙofar hasken kamara da hannu, yanzu kuwa sai a taɓa fuskar waya a wurin da ake so, a ja hasken ƙasa kaɗan. Ya kuma nuna masa wani dishi-dishi da ya lulluɓe hotunan, wanda yaron ya ɗauka hazo ne. Ya karɓi wayar, ya goge idonta da bakin rigarsa. Ashe ƙurar aljihu ce da maiƙon yatsa.

"Amma duk wannan mai sauƙi ne," in ji shi. "Ga babbar tambaya: a ina aka ɗauki hoton nan?"

"A nan Madarunfa mana, Baba."

"Wa ya ce? Rana ɗaya ce a Madarunfa da Zinder da Makka. In Alhaji ya rataya wannan a kantinsa, mene ne zai nuna wa baƙo ya ce ga ƙasarmu?"

Yaron ya yi shiru. Daga nan dattijon ya koma baya har hoto na 31, wanda yaron ya so ya goge don wani masunci ya gitta masa da jirgi. Ya ce a cikin arba'in ɗin wannan kaɗai ne hoto, sauran rana ce kawai. A nan akwai mutum, akwai aiki, akwai wurin da ido zai sauka. Ya ce a zamaninsu fim ɗaya hoto 36 ne, kowanne kuɗi ne, shi ya sa suka koyi dubawa kafin dannawa. Ya ambaci Malick Sidibé na Bamako da Philippe Koudjina na Yamai, waɗanda hotunansu suka kai Turai ba don tsadar kamara ba, sai don sun san mutanensu sun kuma san lokacin da za su danna.

Ana cikin haka gabas ta fara ja. Balbelu suka taso daga itatuwa jere-jere, zalɓe yana tsaye da ƙafa ɗaya a cikin ciyawa. Jirage biyu suka fito duba tarun da aka kwana da shi, ana fatan karfasa da tarwaɗa. Dattijon ya hana yaron ɗaga waya sai da ya je bakin ruwa ya yi sallama ya nemi izinin masuntan, domin fuskar mutum ba tsuntsu ba ce da za a harba a ɓoye. Ya kuma gargaɗe shi kada ya taka wurin kaburbura don neman tudu. Sa'an nan rana ta ɓullo cikin hazo, ja kamar garwashi, ba ta kashe ido. Yaron ya durƙusa, ya sa ta a gefe, ya jira har masuncin ya miƙe yana jan taru. Sau uku kawai ya danna.

"Yanzu juya baya," in ji dattijon. Da ya juya, sai ya ga hasken ya zuba a kan gawon da suka zauna, da wasu mata da suka sauko da tuluna, komai ya yi ruwan zinariya. Makon jiya duk wannan yana bayansa, bai waiwaya ba.

Da suka duba, dattijon ya zaɓi ɗaya, ya ce har yanzu jirgin ya matsu da gefe, amma ana iya kai wa Alhaji ba tare da sunkuyar da kai ba. Ya ƙara da cewa ya dawo a watan Yuni, zai tarar rana ta koma fitowa ta wajen arewa maso gabas, ruwa kuma ya ja baya; ya tsaya a gindin gawon nan ya sake ɗauka, ya rubuta kwanan wata. Domin yashi da laka suna cike tabkin sannu a hankali, madatsar Jibiya kuma ta sauya tafiyar Gulbin Maraɗi. Hoton da aka ɗauka wuri ɗaya shekara bayan shekara shaida ne da zai fi dogon rahoto amfani a teburin ma'aikatan gandun daji. Kuma a shekarun da sunan yankin ya yawaita a rediyo saboda ɓarayin shanu da masu sace mutane a bakin iyaka, yana da kyau a ga wata fuskar tasa a bangon kantuna da ofisoshi.

Hantsi ya yi, mata masu saye sun kewaye jiragen ana ciniki. Yaron ya sayi kifi na ƴan daloli ya ɗaure wa dattijon a bayan babur. Masu iya magana sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah shi ba ƙananan masu sana'a kunnen ji, shi ba manya haƙurin tasowa da asuba su nuna, shi kuma bar mana ruwan Madarunfa.