Godiya ga wadda ta raɗa wa maɓallai suna

'Yata, shekara uku ke nan da hawan jinin ido ya cinye min gani, har ta kai sai da murya nake gane mutum. Na haƙura da tuƙi, na haƙura da jarida. Abin da ya tsaya min a rai shi ne ƙarshen wata, in zan duba asusuna a shafin intanet na ƙungiyarmu ta adashin tsofaffin malamai. Dole in kira ɗan ƙanena, in faɗa masa lambar sirri, ya karanto min abin da na tara da bashin da ake bi na. Yaron kirki ne, bai taɓa fitar da magana ba. Amma a ce ɗan da kai ka yi masa huɗuba ya san cikinka har hanji, ai da ciwo.

Ba kayan aiki na rasa ba. Akwai NVDA a kwamfutata, manhajar da ke karanto abin da ke kan allo da murya. Wani makaho ɗan Ostareliya, Michael Curran, shi ya fara ta a 2006, abokinsa James Teh, shi ma makaho, ya kama masa, suka bar wa duniya kyauta. Su ma ina sa su a addu'a. Sai dai manhaja ba ta duba, abin da maginin shafi ya rubuta shi take faɗa. A shafinmu kuwa, in na danna Tab sai ta ce maɓalli, in sake dannawa ta ce maɓalli, har sau bakwai, duk ba suna. Wanne ne na biya, wanne ne na fita? In na yi kuskure a fom, wai gurbin ja yake komawa. Wa zai gaya min ya yi ja? Ga kuma karkatattun haruffan nan da ake cewa ka kwafa don a tabbatar kai mutum ne. Kullum a nan nake faɗuwa jarrabawa, ni da na shekara talatin ina ba da ita.

Ranar da na zo ofishin ƙungiyar da ƙorafi, na zaci za a ce in kawo takarda. Sai kika jawo kujera kika ce, "Baba, nuna min yadda kake yi." Kika kashe hasken allonki, kika ture linzamin gefe, kika ce za ki shiga shafin da kunne kaɗai. Ko minti biyar ba ki yi ba na ji kin yi salati.

Cikin mako biyu kowane maɓalli ya sami suna. Kowane gurbi yana faɗin abin da yake so, kuskure ana rubuta shi da kalmomi, karkatattun haruffan kuma kin maye su da lamba da ke zuwa ta waya. Kin ce ba ke kika ƙirƙiro ba, ƙa'idoji ne da ake kira WCAG, waɗanda ƙungiyar W3C ta fara fitarwa tun 1999. To, sun daɗe a rubuce. Dokar hana nuna wa nakasassu wariya ma an sa mata hannu a Najeriya tun Janairun 2019, amma ba ta taɓa jawo min kujera ba. Har kika ƙara duhun rubutun saboda abokan aikina masu yanar ido, alhali ba wanda ya roƙe ki.

Muryar har yanzu da harshen Bature take karanta Hausa, in ta zo kan "ƙ" sai ta yi tuntuɓe, jikokina su yi ta dariya. Wannan ba laifinki ba ne.

Daren Alhamis na shiga ni kaɗai, na biya kuɗin wata, na ji ragowar da kunnena, na rufe. Da safe ɗan ƙanena ya leƙo ya ce, "Baba, yau ba za a duba ba?" Na ce ya zauna mu sha koko.

Na gode, 'yata. Allah ya rufa miki asiri yadda kika rufa min, ya bar miki idanunki.