Ragon Da Ya Ƙone A Damagaram

A garin Dungas akwai wani dattijo, shekarunsa sun haura sittin. Da can noma da kiwo ne aikinsa. Yau an fi saninsa da gashin nama. Duk watan Janairu, in hunturu ya kankama, samari sukan taru a ƙofar gidansa da dare. Su yi karo-karo su sayo nama. Su buɗe wayoyinsu suna kallon tseren motocin nan da ake kira Dakar, shi kuma yana gasa musu. Kafin ya ɗora nama a wuta, sai ya ba su labarin ragonsa. Ƴan uwa manoma da makiyaya, ga labarin.

Wani Bafaranshe mai suna Thierry Sabine ne ya ƙirƙiro wannan tsere. An fara shi ranar 26 ga Disamba 1978. Motoci da babura 182 suka tashi daga birnin Pari na Faransa, suka ratsa Sahara, suka bi ta Agadas da Yamai. Guda 74 kaɗai suka isa Dakar, babban birnin Sanagal. Daga nan aka riƙa yinsa kowace shekara.

A 1984 aka yi babban fari. Gero bai yi ba, ciyawa ba ta fito ba. A wannan shekara kuma Najeriya ta rufe iyaka, shi ya sa mutane suka sa wa yunwar suna El Buhari. Ga mutumin Dungas wannan masifa biyu ce, don kasuwar Maigatari nan ce wurin cinikin dabbobinsa. Mutumin namu a lokacin saurayi ne, sabon ango. Dabbobinsa suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya rage masa rago ɗaya ne da awaki biyu.

A watan Janairu na 1986 ya ji a rediyo cewa masu tsere za su taso daga Agadem su kwana Damagaram. Ya ce a ransa: Turawa masu kuɗi ne, ga jama'a za ta taru. In na gasa ragon nan, zan sami kuɗin raguna uku. Matarsa ta ce: "Maigida, ka taɓa gashin sayarwa?" Ya ce: "Gashi ai wuta ce da nama." Ya sa rago a babbar mota ya tafi.

Ya yanka ragon tun da hantsi, alhali masu tsere sai wajen yamma suka fara shigowa. Nama ya wuni a rana, ƙudaje na binsa. Da ya ji ƙarar babura, ya ga mutane na gudu, sai hankalinsa ya tashi. Itacen da ya samo ɗanye ne, ya ƙi kamawa. Ya zuba masa kananzir. Wuta ta tashi sama, ya ɗora nama a kai. Nan da nan baya ya yi baƙi ƙirin, ciki kuwa jini. Wanda ya fara saye ya kai baki ya tofar, ya ce warin kananzir yake ji. Na biyu ya karɓe kuɗinsa. Turawan da yake tsammani ko kallonsa ba su yi ba, don abincinsu na tafe da su a manyan motoci. Da asuba suka tashi zuwa Yamai, suka bar ƙura. Shi kuwa ba rago, ba kuɗin mota.

Kusa da shi akwai wani tsohon mahauci, Badamagare. Shi ya sayar da nasa tas tun kafin tsakar dare. Ya dube shi ya ce: "Yaro, kai ɗan ina ne?" Ya ce: "Baba, daga Dungas nake." Tsoho ya ce: "Waɗancan gudu ne sana'arsu. Kai wa ke korar ka? Harshen wuta ba ya gasa nama, garwashi ke gasawa." Ya ɗauke shi yaron tukuba. Ya zauna wurinsa har faɗuwar ruwa. Da ya koma gida shuka, ya zo da kuɗin tunkiya ɗaya da sana'a a hannu. Daga tunkiyar nan garkensa ya sake tashi.

Ga abin da tsoho ya koya masa, wanda shi ma yake koya wa samari yau.

Na farko, nama. A sayi na dabba mai lafiya, wadda malamin dabbobi ya duba. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, ko aka yanka ta don ta kusa mutuwa, a guje ta komai arharta. Ciwon saifa yana kama mai fiɗa da mai ci, kuma yana kisa. Naman shanun da bai gasu ba yana sa tsila a ciki. A yanka kusa da lokacin gashi, a rufe nama a inuwa. Makiyayi kuma kada ya yanka mace mai haihuwa don daɗin dare ɗaya.

Na biyu, wuta. A nemi busasshen itace ko gawayi. Kada a sare gawo ɗanye, shi ke ba gona taki, ya ba dabbobi abinci da rani. Ban da kananzir, ban da fetur, ban da leda da tsohuwar taya. A hura da kara. A jira harshen wuta ya kwanta, garwashi ya yi ja, toka ta ɗan rufe shi. Da yake lokacin iska ne, a yi nesa da darni da rumbu da tarin harawa. A ajiye ruwa kusa. In an gama a kashe wutar kafin a kwanta.

Na uku, tsire. A sami tsoka kilo 1, marar ƙashi. A yanka ta fale-fale, a soke a tsinke, ana sa ɗan kitse tsakani. A daka ƙuli-ƙuli cikin tafin hannu biyu. A haɗa da citta da barkono da masoro da kanumfari kaɗan da gishiri. A barbaɗe naman ciki da baya, a danna da hannu. A yayyafa man gyaɗa. A kafa tsinkayen kewaye da wuta a kan tukuba, ba a bisa wutar ba, don ƙuli saurin ƙonewa gare shi. In gefe ɗaya ya yi ja a juya. A ƙara mai, a ƙara yaji, a mayar na ɗan lokaci.

Na huɗu, balangu. Shi naman rago ko na akuya ya fi so, manyan yanka da ƙashinsu da kitsensu. Gishiri kaɗai ake shafa masa. A shimfiɗa a kan waya bisa garwashi, tsakaninsu kamar taƙi ɗaya. A riƙa juyawa. In kitse ya ɗiga wuta ta tashi, a janye naman gefe har ta kwanta. Don a san ya gasu, a tsaga wuri mai kauri kusa da ƙashi. In ruwan da ya fito ja ne, da saura. In ya gasu a yayyanka, a sa albasa da yaji. Zabo ma haka ake yi masa, sai dai a tsaga shi ta baya a buɗe, a fara gasa gefen ƙashi.

Tseren kansa ya bar ƙasarmu. Kwana kaɗan bayan ya wuce Damagaram, ranar 14 ga Janairu 1986, jirgi mai saukar ungulu ya faɗi da Thierry Sabine a ƙasar Mali, ya mutu. A 2000 masu tsere suka tsaya a Yamai saboda barazanar ƴan bindiga, aka kwashe su da jiragen sama zuwa Libiya. A 2008 aka soke shi. A 2009 aka kai shi Kudancin Amurka, a 2020 kuma aka mai da shi Saudiyya. Sunan Dakar ne kawai ya rage.

Samarin Dungas ba su taɓa ganin motocin da ido ba. A waya suke ganinsu suna hawan tudun rairayi. Wani lokaci in kallo ya yi zafi, ƙamshi ya cika wuri, sai wani ya ce: "Baba, a ɗan ƙara wuta mana, yunwa muke ji." Dattijo ya yi murmushi, ya juya tsinke ɗaya, ya ce: "Ɗana, sauri ya haifi nawa. Ni rago guda na biya kafin in san haka. Kai ga shi ka samu kyauta. Zauna."

Sai yaro ya koma kan tabarma ya jira.