Kafin A Sauke Inji

Hayaƙin da ke fita daga salansar mota mai shan gas launi uku ne. Baƙin kowane direba ya san shi: mai ya yi wa iska yawa, ko dai matatar iska ta toshe da ƙura, ko an ɗora wa mota abin da ya fi ƙarfinta a kan hawa. Shuɗin ma ba ya ɓoye kansa, baƙin mai ne ke ƙonewa inda bai kamata ba. Farin shi ne mai rikitarwa, domin abubuwa uku da ba su haɗa komai ba suna fitowa cikin wannan farar riga. Na farko ba ciwo ba ne sam. Na biyu sau da yawa gyaran yini ɗaya ne. Na uku kuwa yana iya kashe inji ɗungurungum. Ido kaɗai ba ya raba su, kuma a tsakanin ukun nan ne jarin mutane da yawa ke salwanta.

Sai mutum ya san yadda wuta ke kamawa a cikin injin kafin ya gane hayaƙinsa. Injin dizal, wanda muke ce wa mai gas, 'yan Nijar kuma su ce gazuwal, ba shi da fulogin da ke ba da tartsatsi kamar na fetur. Tun wanda Bajamushen nan Rudolf Diesel ya tayar a 1897, dabarar ɗaya ce. Fistan zai matse iska ita kaɗai har ta ƙanƙance ninki 16 zuwa 22, matsin ya sa zafinta ya haura digiri 500, sai nozul ya feso mai a cikinta kamar hazo, man ya kama da kansa. Ke nan abu uku ake bukata: isasshen zafi, feshi mai laushi, da dacewar lokaci. In ɗaya ya yi rauni, wani ɓangare na man ba zai ƙone ba, zai bi salansa ya fito fari.

Amma kafin a kai nan, akwai farin da lafiyayyen inji ma ke fitarwa. Duk litar gas ɗaya da ta ƙone tana haifar da kusan lita ɗaya ta ruwa a matsayin tururi. Da zafin Afrilu ba wanda ke ganinsa. Da asubar hunturu kuwa, a Disamba ko Janairu, yana bayyana kamar yadda numfashin mutum ke bayyana. Siriri ne, ba ya nisa yake bajewa, kuma da salansa ta ɗumama shi ke nan. Wannan ba a kai shi gareji.

Na koyi bambance sauran biyun ne a kan motar Gwaggona. Tsohuwar mota ce ta ɗaukar kaya da mijinta ya rasu ya bari, ɗanta na fari ke ja, ni kuma nake riƙe musu lissafi. Da rani yana ɗauko kwandunan tumatir daga Kwanar Gafan zuwa kasuwar 'Yankaba, kuma abin da aka samu a waɗannan watanni shi ke biyan kuɗin makarantar ƙannensa. Lokacin tumatir shi ne lokacin sanyi. A tsakiyarsa motar ta soma wuyar tashi da safe, in ta tashi ta cika layi da farin hayaƙi har maƙwabta su rufe taga. Bakaniken farko da aka kai wa ya tarar da ita da zafinta, ya taka totur sau biyu, ya ce zobban fistan sun cinye, sai an sauke inji. Kuɗin da ya faɗa ya kai ribar kakar gaba ɗaya, ban da kwanakin da motar za ta yi a jingine tumatir na wucewa. Gwaggo ta fara maganar sayar da filinta.

Wani direba ne ya yi mana kwatancen wani dattijo da ya tsufa a gyaran masu gas. Da muka je bai ko ɗaga bonet ba.

“Ɗana, yaushe take yi? Da safe kaɗai ko har rana?”

“Da safe ta fi yi, Baba. In ta yi zafi yana raguwa.”

“Raguwa yake yi ko ɗaukewa?”

Ɗan'uwana ya yi shiru, ya ce raguwa.

“Ruwan lagireto fa, kana ƙarawa?”

“Sai jefi-jefi, kamar yadda na saba.”

“To ku bar ta ta kwana a nan. Ku dawo bayan sallar asuba. Mai zazzaɓin dare ba a duba shi da rana a ce lafiyarsa lau.”

Washegari, tun inji na da sanyi ƙalau, ya buɗe murfin lagireto: ruwa na nan a cike. Ya zaro ma'aunin baƙin mai: baƙi ne kamar yadda na mai gas yake, bai yi fari-fari ba, bai kuma haura layi ba. Sannan ya ce a tayar. Ta daɗe tana juyawa kafin ta kama, ta kama tana karkarwa. Ya tsuguna gefen salansa ya shaƙa kaɗan, ya ce mu ma mu matso. Warin ɗanyen gas ne, mai sa ido ƙwalla. Ya kara guntun kwali a bakin salansar na ɗan lokaci, ya nuna mana: maiƙo ne ya fito a jiki, ba ɗigon ruwa ba. Ya sake leƙa bakin lagireto inji na aiki, babu kumfa. A nan ya ce a gaya wa Hajiya ta bar filinta.

Sauran aikin na haƙuri ne. Masu gas suna da hita, ƙaramin ƙarfe ɗaya a kan kowace silinda, wanda ke yin ja zir cikin daƙiƙoƙi don ya taimaki wuta ta kama da sanyi. Shi ne dalilin wannan fitila mai kama da murɗaɗɗiyar waya da ake jira ta mutu kafin a murɗa makulli. Baba ya cire huɗun ya gwada su a batir, biyu suka yi ja, biyu ko gezau. Wannan ya bayyana wuyar tashi da hayaƙin farko, amma bai bayyana ɗan zaren hayaƙin da ke saura bayan inji ya yi zafi ba, domin hita ba ta da aiki a lokacin. Sai ya sa sifana yana sassauta bututun man kowane nozul ɗaya bayan ɗaya, motar tana silo. Duk wanda ya sassauta, sautin inji ya faɗi. Da ya zo kan na uku, sautin bai ko canja ba, alamar dama can silindar ba ta aikin kirki. Aka kai nozul ɗin wurin masu famfo, aka ɗora a na'urar gwaji, ga shi yana ɗiga kamar famfon da ya lalace maimakon ya yi feshi. Hita biyu da kan nozul ɗaya aka saya. Jibi motar ta koma Kwanar Gafan.

Wannan gwajin na sifana na tsofaffin injuna ne. Sababbi, masu bututu ɗaya da ke raba wa nozul duka mai, suna aiki da matsin da ya kai bar 1,600 zuwa sama, alhali iskar tayar ƙaramar mota bar 2 ce da ɗoriya. Man da ya tsarto da irin wannan ƙarfi yana huda fata. Su sai da kwamfuta da kayan awonsu. Sannan sauƙin gyaran nozul ba dalilin jinkirta shi ba ne. Man da ke ɗiga yana wanke baƙin mai daga bangon silinda, yana tsinka wanda ke ƙasa, wani lokaci har ya ƙona kan fistan. Da an ƙara watanni a haka, da maganar bakaniken farko ta zama gaskiya. Zobba da suka cinye suna kawo irin wannan hayaƙi kuwa, tunda matsi ya ragu, amma akwai ma'aunin da ake ɗaurawa a ramin hita a auna matsin kowace silinda. Da shi ake yanke hukunci, kafin a kwance ƙusa ko ɗaya.

Shi kansa man abin tuhuma ne. A 2022 litar gas ta tashi daga wajen naira 300 ta haura 700, kuma duk lokacin da mai ya yi tsada, na jarka a bakin titi yana samun kasuwa, wani da ruwa, wani an sirka shi. In hayaƙi ya soma ne bayan shan mai a baƙon wuri, a kwance ɗan murfin da ke ƙasan matatar mai a tara a farar kwalba. Ruwa ya fi gas nauyi, zai kwanta a ƙasa kowa ya gani.

Na uku, wanda Baba ya fara kawarwa tun kafin a tayar da mota, shi ne ruwan lagireto ya sami hanya zuwa cikin silinda: gaskit ɗin kan inji ya ƙone, ko kan injin ya tsage, ko kuma a sababbin motoci na'urar sanyaya hayaƙi da ake kira EGR ta huje. Hayaƙinsa mai kauri ne, kuma zafin inji ba ya korarsa. Bayanan da ake karantawa a intanet za su ce a saurari ƙamshi mai zaƙi-zaƙi. Gaskiya ne a inda ake zuba ruwan sanyaya inji mai launi, domin sinadarin cikinsa ne ke ƙamshin. Mu nan yawancin lagiretonmu ruwan rijiya ne ko na leda, tururinsa ba ya warin komai. Don haka rashin ƙamshi ba shaidar lafiya ba ce. Shaidun su ne ruwa na raguwa kullum ba a ga inda yake zuba ba, kumfa na tasowa a bakin lagireto, babban tiyo ya yi tauri jim kaɗan da tayarwa, ko ƙarƙashin murfin baƙin mai ya yi kamar shayi da madara. Ba a buɗe murfin lagireto da zafi, ya ƙona fuskoki da yawa. Kuma in alamun nan sun haɗu, a ajiye makulli. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska. In ya taru a silinda cikin dare aka murɗa da safe, sandar da ke riƙe fistan ce za ta lanƙwashe, gyaran gaskit ya koma neman wani injin a Ƙofar Ruwa.

Akwai kuma wani da ke shigar burtu. A mota mai turbo, baƙin mai na iya tsiyaya ta can, hayaƙin ya fito fari mai ratsin shuɗi da ƙaurin mai. In ya yi yawa inji kan soma shan baƙin man nasa, ya yi ta ƙara gudu ko an zare makulli. Mai giyar hannu ya taka birki da ƙarfi, ya sa babbar giya, ya saki kuloci don ya kashe shi.

Ban ɗauki bakaniken farko a matsayin macuci ba. An kawo masa mota da zafinta, da mai ita yana sauri, ya faɗi abin da ya fi yawan gani. Bakanike awa ɗaya yake yi da mota, direba kuwa kullum yana tare da ita, kuma amsoshin da aka fi bukata suna wurinsa: yaushe hayaƙin ke farawa, yaushe yake ɗaukewa, wane wari yake yi, me ke raguwa tsakanin ruwa da baƙin mai, ina aka sha mai na ƙarshe. Yanzu ma ga waya a hannun kowa. Da asuba, kafin a murɗa makulli, a duba ruwa da baƙin mai, a sa wani ya tsaya gefe ya ɗauki bidiyon salansa na minti biyar ɗin farko, a sake ɗauka bayan an yi tafiya. Wanda ya shiga gareji da wannan a hannu yana da bakin tambaya in aka ce masa a sauke inji: da me aka auna, kuma wace silinda ce?